Peleliu: Fagen Yaƙin da Kurmi Ya Haɗiye



Wanda ya hau ƙaramin jirgin ruwa daga Koror, birni mafi girma a ƙasar Palau, ya nufi kudu, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci zai sauka a Peleliu. Tsibiri ne a yammacin Tekun Fasifik, gabas da ƙasar Filifin. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 13 ba, mazaunansa kuwa wajen mutum 500 ne. Ɗan rakiya ba ya ɓata lokaci. Zai kai baƙo gaban wani gini mai hawa biyu na kankare, tsohuwar hedikwatar sojojin sama na Japan. Bam ya huda rufin, rodi ya leƙo ta ramin ya lanƙwashe, saiwoyin itatuwa sun sauko ta tagogi sun naɗe ginshiƙai. Gaba kaɗan ga wata ƙaramar tankar yaƙi ta Japan, tsatsa ta cinye ta, ciyayi na fitowa daga mazaunin direba.

Yawancin masu zuwa sukan ɗauki hoto su wuce, da tunanin cewa yaƙi ya ƙare, daji ya rufe zancen. To, shi dajin nan ba ɗan kallo ba ne. Da shi aka yi yaƙin.

A 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da hafsoshin Amurka ke shirin kama tsibirin, sun dogara ne da hotunan da jiragen leƙen asiri suka ɗauko. Hotunan sun nuna filin jirgin sama a kudu, sai wani tudu mai duhun itatuwa a arewacinsa, wanda ga alama ba wani abin damuwa ba ne. Ashe a ƙarƙashin ganyen akwai duwatsun Umurbrogol: tsaunukan murjani masu kaifi, da kwazazzabai, da ramuka. Kanar Kunio Nakagawa, kwamandan Japan mai mutane kusan 11,000, ya riga ya sa masu haƙar ma'adinai da leburori sun faɗaɗa koguna fiye da 500, sun haɗa wasu da wasu, sun sa wa wasu ƙofofin ƙarfe. Japan ta canza dabara a nan. Maimakon a tari abokin gaba a bakin teku a mutu rana ɗaya, sai a shige dutse a sa shi ya sayi kowane taki da jini.

Jiragen ruwan Amurka sun yi kwana uku suna ruwan wuta, har kwamandansu ya ce ya rasa abin da zai harba. Manjo Janar William Rupertus, shugaban runduna ta ɗaya ta sojojin Marin, ya gaya wa mutanensa cewa aikin kwana huɗu ne. Suka sauka ranar 15 ga Satumba 1944. Ba a gama ba sai 27 ga Nuwamba.

Abin da ya faru tsakanin waɗannan ranaku biyu shi ne ainihin abin da baƙo ke takawa a yau. Zafi ya kai maki 46 a ma'aunin Salshiyos. Ruwan shan da aka kawo wa sojoji a kwanakin farko an zuba shi ne a durom-durom na mai da ba a wanke da kyau ba, wanda ya sha sai ciwon ciki. Ƙasa kuma dutse ce, ba ta haƙuwa, don haka babu ramin fakewa, babu na binne gawa, babu na ba-haya. Ƙudaje suka mamaye ko'ina. Filin jirgin da aka ƙwace yana dab da tsaunin, har matuƙan jiragen Corsair ba sa damuwa da naɗe tayoyinsu: su tashi, su saki bam ɗin napam mai ƙona daji, su juyo su sauka. Kogon da ya gagara, a feshe shi da wuta, a sa nakiya ko katafila a toshe bakinsa da mutanen a ciki. Hotunan ƙarshen yaƙin sun nuna tsaunin fari fat, babu ko ganye ɗaya, kamar kan da aka yi wa aski ƙwal-kwabo.

Amurka ta rasa mutane wajen 2,000, dubbai suka jikkata. Japan ta rasa fiye da 10,000. Waɗanda aka kama da rai 'yan ɗaruruwa ne, yawancinsu ma leburori ne 'yan Koriya da Okinawa. Nakagawa ya ƙona tutar rundunarsa ya kashe kansa ranar 24 ga Nuwamba. Duk da haka wasu sojoji 34 suka ci gaba da ɓuya a koguna, ba su miƙa wuya ba sai a Afrilun 1947.

Mafi ɗaci a labarin shi ne, da wuya a ce yaƙin ya zama dole. Kwana biyu kafin saukar, Admiral William Halsey ya ba da shawarar a fasa, domin ƙarfin Japan a yankin ya riga ya karye. Admiral Chester Nimitz bai yarda ba. An ce za a kama Peleliu ne don kare gefen Janar MacArthur idan ya tasam ma Filifin, amma MacArthur ya sauka Leyte ranar 20 ga Oktoba, ana nan ana gwabzawa a Umurbrogol. Hujjar Halsey ta fi ƙarfi, kuma masana tarihi da yawa a nan suka tsaya.

Ba labarin nesa ba ne ƙwarai. A wancan zamani, sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, cikinsu har da dubban 'yan Arewa, suna fama da sojojin Japan ɗin nan a dazuzzukan Bama.

Su kuma masu ƙasar fa? Japan, wadda ke riƙe da Palau tun 1914, ta kwashe mutanen Peleliu kafin a fara faɗan, yawancinsu aka kai su babban tsibirin Babeldaob. Da suka dawo, ƙauyukansu biyar babu ko ɗaya. An share gonaki, an baje makabartu da wuraren tarihi, an shimfiɗa hanyoyi da sansanoni a kai, har mutum ba ya gane iyakar filin gidansu. Sai suka taru a arewacin tsibirin, inda garin Kloulklubed yake yanzu. Allunan tunawa sun cika tsibirin, na Amurka da na Japan, amma wannan ɓangaren labarin ba shi ne baƙi suka fi tambaya ba, kuma wannan abin kunya ne.

A kusa da wannan gari ne kogon da ake kira na mutum dubu yake. Ana shiga da tocila, a sunkuye. A ƙasa akwai kwalaben giya, da kwanonin cin abinci, da guntayen takalma. Bango ya yi baƙi inda wuta ta lashe shi, jemagu na shawagi a saman kai. Dokar Palau ta hana ɗaukar ko ƙusa daga irin wuraren nan, kuma ba don tarihi kaɗai ba. Gurneti da harsashin igwa da suka shekara 80 cikin laima sun fi sababbi haɗari. Tun 2009 ƙungiyar Cleared Ground Demining ta fara aikin tsince su a Palau, ta kwashe dubun-dubata, wasu a bakin hanyar da masu yawon buɗe ido ke bi, wasu a bayan gidajen mutane. Shi ya sa ɗan rakiya ke nanata cewa kada a sauka daga turba.

Ƙasusuwa ma suna nan. Lokacin da Sarkin Japan na wancan lokaci, Akihito, da matarsa Michiko suka zo suka ajiye furanni ranar 9 ga Afrilu 2015, an ƙiyasta cewa gawarwakin sojojin Japan kusan 2,600 ba a gano su ba. An fara buɗe wasu kogunan da aka toshe, kuma a 2024 hukumomin Japan suka tabbatar da wani kabarin bai-ɗaya da bayanan Amurka suka nuna an binne fiye da mutum 1,000 a cikinsa.

Filin jirgin da aka yi duk wannan asara saboda shi ya daɗe rabinsa a cikin ciyawa. Da zaman doya da manja ya tsananta tsakanin Amurka da Sin, injiniyoyin sojojin Marin suka dawo, suka sare itatuwa, suka tone bama-baman da kakanninsu suka bari, suka gyara titin. Suka sa masa sunan Eugene Sledge, ƙaramin sojan da ya yi yaƙi a nan ya kuma rubuta littafi a kansa a 1981. A watan Yunin 2024 jirgin dakon kaya na soja, samfurin KC-130J, ya sauka a kai.