Launin gazuwal ba shi ne ƙarfin tarakta ba

Ya ku manoman Difa da na bakin Komadugu. Darasinmu na yau a kan gazuwal ne, abincin tarakta.

A Amurka da Ingila ana zuba jan launi cikin gazuwal na noma, domin an rage masa haraji. Wanda ya zuba shi a motar hawa, in an kama shi, tara zai biya. Amma ja da fari duk mai guda ne. Launin alama ce ta masu karɓar haraji.

Mu nan, tun 2011 ake tace man Agadem a matatar SORAZ ta Damagaram. Abin tsoronmu ruwa ne da ƙura. Man da ya daɗe cikin bido a bakin hanya, ko aka gauraya da kananzir, yana lalata famfon inji. Tarakta ta tsaya lokacin huɗa, dashen tattasai ya makara.

Don haka ku sayi mai a gidan mai. Ku rufe ganga, ku bar ta kwana 2 datti ya kwanta, kada ku ɗebi na gindi. Ku canza matacin mai kan lokaci. Rigakafi ya fi magani.

Sai darasi na gaba.