Jawabi bisa gasar labarin ƙasa ta 'yan lakkol

Iyayena dattawa, masu gari, liman, shugaban ƙungiya, da ku 'yan'uwa da kunka komo daga bida, ina gaishe ku, ina kuma godiya da kunka ba ni magana.

Mu mushe-mushe na lakkolin kwamin ɗin Ajekoriya muna son mu shirya gasa tsakanin yaran aji na shida bisa labarin ƙasa, wanda muke ce ma jewogarafi cikin aji. Kowace lakkol za ta aiko 'yan takara, maza da mata. Na zo in shaida muku irin gasar da muke nufi, don akwai wurin da ba mu iyawa sai da ku.

Tambayoyin littahi muna da su, kuma za mu yi su. Yaro ya san Nijar tana da hwaɗin kilomita murabba'i 1.267.000, da jihohi 8, kuma tana iyaka da ƙasashe 7: Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Cadi. Wanga duk da kyau. Amma aku ma yana hardacewa. Akwai yaron da zai zuba maka wannan lissahi da Faransanci ba gargada, ka ce mishi ya nuna maka inda Kornaka take daga ƙohwar aji, sai ya tsaya yana kallon ƙasa. Laihin ba nashi ba ne. Aji da yawa ba su da taswira ko guda a bango, yaro yana karatun gulbin Kwara bai taɓa ganin ko zanenshi ba.

Shi ya sa muke son rabin gasar ya zama a waje, cikin hili. Ko gasar duniya ta labarin ƙasa, wadda anka hwara a birnin Lahay na ƙasar Holan cikin 1996, ba ta tsaya ga takarda ba: ana hidda 'yan takara su duba wuri da idonsu, su zana shi. Mu ma haka. A ba yaro takarda da alƙalami, ya zana garinsu: ina gabas, ina rijiya, ina tabki, ina maƙabarta, ina gonaki sunka tsaya, ta ina burtali ya ratsa.

Bisa burtalin nan nike son in daɗe kaɗan. Mu nan muna zaune bakin iyakar noma da kiwo. Dokar 26 ga watan Mayu 1961 ta aza iyakar noma daga arewa, wajen kwarin Tarka. Abin da ya yi arewa da nan na makiyaya ne. Mutane sunka yawaita, ƙasa ta gaji, gonaki sunka yi ta hawa arewa, dabbobi kuwa dole su sauko kudu in an kwashe amhwanin gona, su koma in damana ta hwaɗi. Ta burtali za su bi. In an ci burtali da kwashe, bana taki ɗaya, baɗi taki biyu, kun san abin da ke biyowa, kuma dattawan da ke nan ba su mance abin da ya auku Toda cikin 1991 ba. Tun 1993 akwai dokar karkara da kwamitocin hilaye, amma kwamiti yana aiki ne da mutanen da sunka san iyakoki. Yaron da ya taka burtali da ƙahwarshi, ya zana shi, ya rubuta sunan wuraren, gobe shi ne shaida. Iyayena, ku kunka san inda tsohuwar iyaka take, da sunan kowane dako da kowane jigawa, da rijiyoyin da sunka ƙahe lokacin hwarin 1973 da na 1984. Mu mushe, da yawanmu baƙi ne, daga wata jiha anka turo mu. Don haka muna roƙon kowane gari ya ba mu dattijo guda, ya zauna cikin alƙalan gasa, shi zai ce zanen yaro daidai ne ko ba daidai ba.

Ku kuma 'yan bida, kun san hanyar Kano da Legas da Agadas fiye da littahinmu. Ku zo aji ku hwaɗa ma yara kwana nawa ake yi, ina ake samun ruwa, ina babu. Cikin watan Oktoba 2013 mutum 92 sunka mutu da ƙishirwa arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da ƙananan yara. Ɗiyanmu za su tahi bida ko mun so ko ba mu so ba. Gara su tahi sun san nisan hamada.

Za mu sa da tambaya bisa dajin Gadabeji, nan arewa gare mu, inda anka kawo raƙuman dawa daga Kure cikin 2018. Yara da yawa sun ɗauka sai talabijin ake ganinsu.

Saura maganar kuɗi. Ba mu son tukuicin da za a ci a mance. Abin da muke roƙo, taswirar Nijar da ta Afirka ga kowace lakkol da ta shiga, kaye da bik ga 'yan takara, da abincin rana ga waɗanda sunka taho daga nesa bisa amalanke. Wanda ya iya jika guda ya ba da, wanda ya iya abin da ya hi ya ba da, ma'ajin ƙungiya zai rubuta, mu kuma mu kawo lissahi taro mai zuwa. Lokacin da muke gani ya dace shi ne bayan an gama girbi, kahin ku watse, don iyaye su ga ɗiyansu da idonsu. In taro ya yarda, shugaba ya sa mana rana, mu kai ma sufetan lakkol takarda.