Ciwon Sandarewar Zuciya: An Samu Magani, Mu Fa?



Maganata a yau a kan wani ciwon naman zuciya ne da likitoci ke kira amiloidosis. Hanta tana sarrafa wani furotin, transtairetin, wanda aikinsa dakon bitamin A da sinadarin tairoksin a cikin jini. Ɓangarori huɗu ne a haɗe. Idan suka rabu, sai kowanne ya lanƙwashe, su dunƙule, su riƙa taruwa a naman zuciya har ta yi kauri ta sandare kamar fatar da ba a jeme ba. Tana bugawa, amma ba ta iya sakewa ta cika da jini.

Ku dubi mai ciwon. Dattijo ne da ya haura sittin, ƙafafu a kumbure, taku kaɗan sai haki, ba ya iya kwanciya sai ya tara matasan kai. Ka tambaye shi, zai ce maka tun shekarun baya yatsun hannunsa ke mutuwa cikin dare. Wa zai haɗa yatsa da zuciya? Sai a ce hawan jini ne ko tsufa, a ba shi maganin rage ruwa ya tafi gida.

Masanin kimiyya Jeffery Kelly na cibiyar Scripps a Amurka shi ya yi tunanin a riƙe furotin ɗin tun bai warwatse ba. Daga nan aka samu maganin tafamidis. An gwada shi a kan mutum 441 na tsawon wata 30, aka buga sakamakon a 2018: kashi 29.5 cikin ɗari na waɗanda suka sha maganin sun rasu, alhali a ɓangaren da aka bai wa ƙwayar da ba magani a ciki kashi 42.9 ne. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019. Acoramidis ya biyo baya a 2024, sai vutrisiran a 2025, allurar da ke hana hanta sarrafa furotin ɗin tun daga tushe.

To, ga inda gizo ke saƙar. Akwai nau'in ciwon da ake gada, ta hanyar canjin ƙwayar halitta mai suna V122I. Kusan kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na baƙaƙen fatar Amurka suna ɗauke da shi, kuma tushensa Afirka ta Yamma ne. Jiragen bayi suka ƙetare da shi. Ba kowane mai ɗauke da shi ke kamuwa ba, amma zuriyar da aka baro a nan mu ne. Shi kuwa tafamidis, da ya fito kasuwa kuɗinsa ya kai wajen dala 225,000 a shekara. Wannan farashi, a ganina, zalunci ne.

Sai dai kada tsada ta sa mu naɗe hannu. Cutar da ba a ƙirga masu ita ba, ba wanda zai sauko da farashi dominta. Ina roƙon likitocinmu na zuciya: duk dattijon da hoton zuciya ya nuna kaurin da hawan jininsa bai kai ya jawo ba, a rubuta shi a rajista, a nemi izininsa a adana jininsa don gwajin ƙwayar halitta. Jami'o'inmu kuma su nemi a sa majinyatanmu cikin gwaje-gwajen magani masu zuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.