Matar Wanda Ya Ɓace

 A farkon Agusta 2019 wasu mutane suka bi Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'ar Dutsinma, har gidansa a Barnawa, Kaduna, cikin dare, suka tafi da shi a motarsa. Har yau ba amo ba labari. Ni dai iyalinsa nake tunawa, ba gawa balle a yi takaba.

To uwargida, in Allah ya jarrabce ki da irin wannan, kar kunya ta zaunar da ke. A mazhabar Malikiyya sai magana ta je gaban alƙali, ya bincika, sannan a fara ƙirga shekara 4, bayan nan ki yi idda wata 4 da kwana 10. Shekarun da kika yi shiru a ɗaka ba sa cikin lissafi. Ki tura waliyyinki tun da wuri.