KURMI A CIKIN GILASHI: JAWABIN DA AKA GABATAR A TARON SHEKARA-SHEKARA NA ƘUNGIYAR TSOFAFFIN ƊALIBAI

 

Da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi magana bana, na tabbata wasunku sun zaci zancen ofis zan kawo. To, ba shi ba ne. Na zo ne da roƙo, cewa daga cikin kuɗin da muke tarawa mu gina wa ɗakin kimiyya na wannan makaranta wani babban akwatin gilashi da za a raya tsirran kurmi a cikinsa. Turawa suna kiransa terariyam. Na ga wasu sun fara murmushi, amma ku ba ni 'yan mintoci.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Karaye ko Rogo ya san kurmin bakin rafi. Kana shiga sai ka ji sanyi da ƙamshin ruɓaɓɓen ganye, ko da kuwa a waje ana ƙwallara rana. A 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a nan Karaye, shekarar da aka haifi wasunmu. Ta kawo kifi da noman rani, babu mai musun wannan, amma ruwa ya shanye wasu kwarurruka, waɗanda suka rage kuma gatari da garma suna ta cin su. Bara na kai 'ya'yana wani kurmi da muke zuwa cin kanya muna yara, na tarar da gonar masara. Yaron da ke aji ɗaya yau zai karanta yadda ruwa ke zagayawa tsakanin ƙasa da tsiro da sama, ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, bai taɓa ganin abin da idonsa ba. Mu ma haka muka yi, kuma ba laifin malamanmu ba ne, allo da alli kawai aka ba su.

Asalin wannan akwati wani likita ne a birnin Landan mai suna Nathaniel Ward. A 1829 ya rufe wani ƙwaro a cikin kwalba da 'yar danyar ƙasa don ya ga ƙyanƙyasarsa. Sai ga ciyawa ta fito a ciki, tare da tsiron nan mai ganye kamar gashin tsuntsu wanda muka sani da suna fan a darasin Bayoloji, alhali a lambunsa hayaƙin gari ya hana irin wannan tsiro rayuwa. A 1833 ya cika akwatunan gilashi biyu da tsirrai ya sa su a jirgin ruwa zuwa Ostareliya, suka yi watanni a teku suka isa da ransu. Da irin wannan akwati aka kwashi shayi daga Sin zuwa Indiya, kuma a 1876 da shi aka ɗauki dashen itacen roba daga lambun Kew zuwa Silon, wadda yanzu ake kira Sirilanka. Kun ga abin da ya faro daga kwalba.

Yadda yake aiki ba wuya. Saiwa ta sha ruwa, ganye ya fitar da shi tururi, tururin ya taru a jikin gilashi ya zama raɓa, ya gangaro ya koma ƙasa. Da rana ganye yana shaƙar iskar kabon yana sakin oksijin. Ƙananan halittun da ke cin mataccen ganye a cikin ƙasa su kuma suna mayar masa da kabon ɗin. Akwai wani dattijo a Ingila da ya shuka tsiro a ƙatuwar kwalba a 1960, ya ba shi ruwa na ƙarshe a 1972 ya toshe bakinta, tsiron ya ci gaba da rayuwa fiye da shekara 40. Tsiron nasa kuwa dangin balasanar nan ne da muke cirewa a gona muna tsaki.

Ni kaina na gwada, kuma na farko bai kai mako uku ba. Na ɗebo ƙasar gona na zuba a akwatin kiwon kifi, na dasa, na shayar da shi kamar bedin albasa, sannan na ajiye a taga mai kallon yamma cikin watan Afrilu. Na dawo daga aiki na tarar da miyar ganye. Uwargida ta ce da na gaya mata dafawa zan yi, da ta sa gishiri. Na biyu yanzu yana shekara ta huɗu, kuma daga gare shi na koyi abin da zan faɗa muku.

Wanda nake ba da shawara tsawonsa mita 2 ne, faɗi santimita 60, tsayi mita 1. Masu haɗa tagogin alminiyam za su iya ƙera shi, a liƙe gaɓoɓin da gam ɗin silikon, a yi masa ƙofa mai zugewa a gaba da 'yar kafar iska a sama wadda aka rufe da raga. Babban akwati ba a toshe shi ruf kamar kwalba, zafinmu ba zai bari ba. Kada a ɗora shi a tebur. Ƙasa da tsakuwar da zai ci za su kai nauyin buhun siminti bakwai ko takwas, saboda haka dakali za a gina masa da bulo, a jikin bangon da haske ke shiga sosai amma rana ba ta dukan gilashin kai tsaye.

Shimfiɗar ƙasan ita ce ginshiƙin aikin, domin akwatin ba shi da hudar da ruwa zai tsiyaye. Da farko tsakuwa wankakkiya, kaurin tafin hannu, inda rarar ruwa za ta kwanta ba ta taɓa saiwa ba. A kanta a shimfiɗa tsohon gidan sauro don kada ƙasa ta zurara. Sai gawayi dakakke, shi ke rage wari da ruɓa. Sannan ƙasar gindin itatuwa a gauraya da yashin rafi da busasshen ganye. Ban da kashin shanu, ban da takin zamani, don ba so muke tsiron ya yi sauri ba. Kafin a zuba ƙasar a turara ta a tukunya, in ba haka ba gara da tururuwa za su shigo tare da ita, kuma gara ba ta neman izini. A yi wa ƙasar tudu ta baya da gangare ta gaba, a sa duwatsu da guntun busasshen kututture, yadda mai kallo zai ga kamar bakin rafi aka yanko.

Tsirran kuwa a nemi masu son inuwa da laima: fan daga bakin tsohuwar rijiya, gansakukar da ke lulluɓe dutse da damina, balasana, da 'yar gwaza guda ɗaya a baya, ita ma sai ana rage mata ganye. Reshe ko ɗan tsiro za a ɗebo, kada mu je gyaran kurmin gilashi mu ƙarasa na gaske.

Ruwan sama ya fi. Na rijiya da na burtsatse sukan bar farin dabbare a gilashi, su tara gishiri a ƙasa tunda ba shi da mafita. Don haka a tara na damina a jarka a ɓoye. Gilashin da kansa zai gaya maka halin da ake ciki. In da safe akwai raɓa, zuwa hantsi ta washe, lafiya lau. In ta wuni tana zuba, ruwa ya yi yawa, a zuge ƙofa. In babu ita sam, a yayyafa kaɗan. Ganyen da ya yi fumfuna a cire shi ranar.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Dogon hutu bai dame ni ba, don cikin damina yake faɗowa. Hunturu ma da sauƙi, gilashi yana tare bushewar iska, sai dai goge ƙura. Abin tsoro shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga shi kuma akan yi hutun zango na biyu a tsakiyarta. A gidana jiƙaƙƙen buhun algarara nake rataya wa a bayan akwatin, ruwan yana bushewa yana jan zafi. Dabarar randa ce, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita wajen haɗa tukunya cikin tukunya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Amma buhu ba ya jiƙa kansa. Dole kullum wani ya zo da makulli.

Mu nan shaidu ne kan itatuwan da muka dasa da hannunmu a bakin ƙofa, muka ɗauki hoto, muka watse, awaki suka ƙarasa aikin. Saboda haka ina roƙon kada a fitar da ko kwabo sai an cika sharuɗɗa uku. Malamin kimiyya guda ya amince a rubuce cewa akwatin yana hannunsa. A naɗa ɗalibai shida daga aji huɗu da aji biyar, masu littafin da za su riƙa rubuta zafi da raɓa da ranar shayarwa, kowace shekara su miƙa wa na bayansu. Sannan a ware ɗan alawus ga wanda zai duba shi lokacin hutu. In taro ya ga rufin ajin da ke yoyo ya fi gaggawa, ba zan yi gardama ba, a fara da rufi, akwatin ya jira baɗi.

Ni na ɗauki nauyin tsakuwa da gawayi da dashen farko daga nawa akwatin, kuma zan zo Asabar biyu mu haɗa shi tare da yara. Na kawo ƙaramar kwalba da na shuka wata biyar da suka wuce, tana kan teburin Ma'aji. Kowa ya duba kafin a tashi, amma don Allah kada a buɗe murfin.