Jawabi Ga 'Yan Uwa Masu Lambu: Yadda Za Mu Kare Latas Daga Zafin Bazara



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar latas, wanda wasunmu ke kira salak. Kowa a nan ya san yadda ake yi: mutum ya ci bashin iri da taki, ya yi wata biyu yana ɗawainiya, ana gab da yanka sai latas ya miƙe ya fid da kara zai yi fure. Ganye ya yi ɗaci, masu otal su ƙi saye, bashi kuwa yana nan.

To, mene ne dalili? Latas ɗan sanyi ne. Ya fi jin daɗin yanayin da bai wuce digiri 15 zuwa 20 ba. Shi ya sa yake kyau a Jos, inda tudun ya kai kimanin mita 1,200, kuma yake kyau a fadamun Kano da Zariya lokacin hunturu. Mu kuwa nan Ibadan hunturunmu gajere ne, Disamba da Janairu kawai. Daga Fabrairu zuwa Maris zafin rana kan haura digiri 33. Da zafi ya matsa masa sai ya yi hanzarin yin fure, farin ruwan nan mai kama da madara ya yawaita a jikinsa, daga nan ɗaci ke zuwa. Ga shi kuma azumin 2025 ya faɗo a watan Maris, wato lokacin da kasuwar latas ta fi ci shi ne lokacin da ya fi wuyar nomawa. In kiɗa ya canza, ai rawa ma sai ta canza. Sanyin da gari bai ba mu ba, mu za mu samar wa shukarmu.

Mu fara da iri. Irin latas ba ya tsira sosai idan zafin ƙasa ya kai digiri 30. Sau da yawa mukan zargi mai shago da sayar mana da mataccen iri, alhali zafi ne ya hana shi fitowa. Mu naɗe irin a danshin ƙyalle, mu ajiye a gindin randa ko cikin firij kwana ɗaya, sannan mu shuka da yamma a komin da muka jiƙa. Kada a binne shi da zurfi. Dashe ma da yamma ake yi, bayan la'asar. Kuma a wannan lokaci gara mu shuka mai buɗaɗɗen ganye, domin mai dunƙulewa kamar kabeji ya fi shan wahala.

Na biyu, inuwa. Nan Kudu ba mu rasa ganyen kwakwa ba. Mu kafa 'yar rumfa da ta kai ƙirjin mutum, mu jera ganyen a sake yadda haske zai riƙa ratsawa, gefe kuma a buɗe don iska. Ranar tsaka, daga azahar zuwa la'asar, ita muke tarewa, amma hantsi yana da amfani. In rumfa ta yi duhu, latas sai ya yi tsawo ya rame.

Na uku, rufe ƙasa. Saiwar latas ba ta nisa, a sama-sama take, inda ƙasa ta fi ɗaukar zafi. Mu shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa tsakanin shuka, amma kada ya taɓa gindinta. Wannan yana sanyaya ƙasa, yana riƙe laima, yana kuma rage mana ɗaukar ruwa.

Na huɗu, ban ruwa. Babban ruwa da sassafe, ƙari kuma da yamma tun rana ba ta faɗi ba, domin ganye ya bushe kafin dare. Iskar nan tana da laima, in ganye ya kwana a jiƙe ruɓa yake yi. Kada kuma yau a cika, gobe a bar shi da ƙishi. Wannan ne ke sa bakin ganyen ciki ya ƙone ya yi baƙi. Haka yawan yuriya ko ɗanyen kashin kaji, ƙara cutar suke yi. A bar kashin kaji ya ruɓe tukuna.

Na ƙarshe, yanka. Kada kwaɗayin girma ya sa mu jinkirta. Da mun ga tsakiyar shuka ta fara tasowa, to lokaci ya yi. Mu yanka da asuba, mu rufe da jiƙaƙƙen buhu, mu kai kasuwa kafin rana ta take. Kuma maimakon shuka lambu duka rana guda, mu riƙa shuka komi kaɗan-kaɗan duk mako biyu, in wani ya lalace wani ya tsira.

'Yan uwa, duk abin da muka lissafa babu mai tsada. Ganyen kwakwa ne da ciyawa da kula da lokaci. Mai neman ƙarin bayani, cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT tana nan Idi-Ishin, kusa da mu. Muna roƙon dattawan lambu su nuna wa yaran da suka zo daga gida bana, domin kada su yi lissafi da kalandar Arewa su yi hasara.

Allah ya sa albarka a nomanmu.