An Cire Min Haƙori, Kwana Na Uku Na Gane Kurena

Yau hirar haƙori za mu yi, don makon jiya aka cire min turmi na can ƙarshe a ƙasa.

Ranar farko lafiya lau. Likita ya sa min auduga, ya ce in cije ta kamar minti 30 zuwa 45, kada in kurkure baki sai bayan awa 24, kada in riƙa tofar da yawu da ƙarfi. Ni kuwa da na koma gida na ga ɗan jini, sai na hau kurkura ina tofarwa. A kwana na uku ciwo ya taso daga ramin har cikin kunne, ga wari a baki. Wallahi ban runtsa ba.

Abin da ya faru shi ne, idan an cire haƙori, jini yana daskarewa a ramin ya zama gudan jini. Wannan gudan shi ne murfin da ke kare ƙashi da jijiya. Ni na wanke shi da kaina, ƙashi ya fito fili. Kurkura da ƙarfi, zuƙar lemo da bututu, taba da shisha, duk suna iya fizge shi. Masu shisha, da ku nake fa. Ko wajen alwala, a rana ta farko a bi bakin a hankali.

Da na koma, ya wanke ramin ya sa wani magani mai ƙanshin kanumfari, kafin yamma na samu sauƙi. Amma kada wani ya ji haka ya je ya cusa kanumfari da kansa, ko ya ɗora asfirin a kan dasashi. Asfirin yana ƙona naman wurin, shansa kuma yana hana jini tsayawa da wuri. Parasitamol da ibuprofen sun isa ga yawancin mutane, sai dai mai gyambon ciki ya tambayi likita kafin ya sha ibuprofen. Tramol na kemis ba tare da takardar likita ba kuwa, don Allah a bar shi.

Bayan awa 24, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a juya kai a hankali, a bar ruwan ya zubo da kansa. Abinci mai laushi: koko da ya huce, faten dankali, ƙwai. Goro da tsire su jira. Farin abin da za ka gani a ramin bayan 'yan kwanaki yawanci sabon nama ne, kada ka sa tsinken sakace.

Kumburi ya fi yawa a kwana na biyu zuwa na uku, sannan ya fara sauka. Idan ya ƙi sauka, ko zazzaɓi ya zo, ko haɗiya ta gagara, ko jini ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti a ranar.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allah.